Lauya Bushiya da Ragon da Ya Cinye Kansa

A zamanin Sarki Zaki Gagarau, babu abin da dabbobin Dajin Ƙirya ke tsoro kamar Kogon Horo, inda ake tsare masu laifi. Kuraye ne dogarai, su ne kuma masu gadin kogon. Dabba kan shiga da ƙibarta, bayan kwana uku a aiko wa iyalinta kofato.

Lauya ɗaya ce ke zuwa ƙofar kogon, wata bushiya mai suna Tasalla. Shekara ashirin tana kai kuraye ƙara. Sun sha yunƙurin cinye ta, ƙaya ta hana.

Wata safiya wata tunkiya, Ladingo, ta zo mata da ƙaho biyu a ƙunshe.

"Baba Tasalla, abin da ya rage na maigidana ke nan. Sun kama shi wai ya kalli dogari."

"Me suka ce ya kashe shi?"

"Wai baƙin ciki ne ya sa ya cinye kansa."

Tasalla ta kai maganar fada. Sarkin Dogarai, Kura Ɓarje, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, mun kaɗu matuƙa da wannan rashi. Marigayin ɗan'uwanmu ne, har yanzu muna jin sa a jikinmu. Mun kafa kwamiti mai ƙarfi na kuraye bakwai, kuma ya tabbatar cewa ragon ya fara daga wutsiya, bai tsaya ba sai da ya gama."

"Ranka ya daɗe," in ji Tasalla, "tambaya ɗaya gare ni. Da wane baki ya cinye bakinsa?"

Wani jaki a baya ya ƙyalƙyale, ya yi maza ya mayar da dariyar tari.

Sarki ya ga ido ya yi yawa, sai ya yanke hukunci. An sami kura ɗaya da laifin sakaci, aka hore ta da canjin wurin aiki zuwa unguwar tumaki. Aka sake wa kogon suna ya koma Gidan Gyaran Hali. Ladingo kuwa aka ba ta damin ciyawa na ta'aziyya.

"Mun yi nasara ke nan?" Ladingo ta tambaya a hanya.

"A takarda," in ji Tasalla. "Ki kwashe 'ya'yanki daga unguwar nan yau."

Haka Tasalla ta ci gaba, ta ci shari'a ɗaya ta faɗi tara. Ta samo dokar da ta ce a kai duk wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana biyu, kuraye suka koyi gama aikinsu a kwana ɗaya. Ƙayarta ta yi furfura, ba ta daina zuwa ƙofar kogon ba.

Ana nan haƙoran Gagarau suka zube. Ƙanensa ya haɗa baki da Ɓarje, aka wayi gari tsohon sarki yana cikin Gidan Gyaran Hali. Ya aika a kira masa lauya. Duk dajin babu mai zuwa sai Tasalla.

Ta same shi a lungu, gashin wuyansa duk ƙasa, kuraye biyu na zaune daga bakin ƙofa suna lashe baki.

"Ashe haka wurin nan yake?" in ji shi. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Na gaya maka, ranka ya daɗe. Ka ce a kafa kwamiti."

Ya sunkuyar da kai. "Za ki tsaya mini?"

"Zan tsaya maka. Ban taɓa ƙin wanda ke cikin kogon nan ba." Ta buɗe jakar takardunta. "Sai dai ka yi haƙuri ka bi layi. Akwai awaki arba'in a gabanka."

Tsohon sarki ya juya ya dubi bakin ƙofa. Ɗaya daga cikin kurayen ta yi hamma.