Ranar da Na Kyautar da Fadamar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da daminar da surukina ya ba ni aron fadamarsa ta bayan Ƙarfi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in shinkafa ta yi kyau fadama ta zama tawa, in ta lalace ya miƙa wa ɗan ƙanensa.

Ni kuwa sarkin iyayi, sai na raba ta uku don in ga takin da shinkafar ruwa ta fi so: nan kashin shanu, nan tokar ƙasusuwan da na roƙo wurin mahauta, can kashin jemage. Matsalar, jemagun suna cikin kogon wata tsohuwar kuka kusa da unguwar Maguzawa, wadda ko makiyaya ba sa zama a inuwarta. (Na riga na cika baki a dandali cewa ni iskoki ke tsoro. Allah ya yafe mini.)

Rana tsaka na kutsa ciki da kwando. Duhu, wari, jemagu na shafar ƙeyata. Na fara kwasa ke nan sai wata murya ta taso daga can ƙurya: "Wane ne ke kwashe mini taki?"

Wayyo Allah! Duk addu'ar da na iya ta ɓace tas. Na zabura zan fita, ƙuguna ya maƙale a bakin kogo, kai a waje, saura a ciki. Sai wani abu mai sanyi ya damƙi ƙafata.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini rai!" na kwarma ihu. "Na ba ka fadamar! Duka! Har da surukin in kana so!"

Ina ɗaga ido sai ga surukin nawa tsaye da fartanya a kafaɗa, bayansa mata masu kai abinci gona. Ihuna ne ya tara su. Aljanin ya turo ni waje, ya biyo ni yana tari. Ashe tsoho Nomau ne, Bamagujen da ya daɗe yana ɗibar takin nan, ya shiga shan sanyi.

Baba, wato surukina, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Da kaka ta yi, gefen jemage ya fi ko'ina cika ido, tokar ƙashi na biye. Baba ya zagaya ya ce, "Shinkafa ta yi. Amma fadamar da ka kyautar a gaban shaidu, yaya zan ba ka ita? Je ka roƙi mai ita."

Haka na je na durƙusa wa Nomau. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Na mayar maka, yaro. Surukin ma ka riƙe abinka."

Tun daga ranar, ko rami zan shiga sai na yi sallama, kuma in tsoro ya kama ni, kwandona kaɗai nake kyautarwa.