Hawayen Makilin

Ko me zan manta a zamana na Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ranar da na tsaya tsamo-tsamo cikin ruwan da bai wuce ƙirjina ba, ina kuka a gaban 'yata da baƙin idanu, farin kumfa yana bin gemuna. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma kafin in kai ku bakin ruwan, dole in fara da rasuwar matata, don daga can abin ya samo tushe.

Na daɗe a garin nan. Karatu ya kawo ni, daga baya na zama tafinta, ina raka mutanenmu da ke zuwa neman magani, ina juya musu Larabcin likita zuwa Hausa. A unguwar Ainu Shams muke zaune, ni da matata Safiya da 'yarmu tilo Rukayya, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata ta ci. Aikin tafinta ya koya mini ɗaure fuska. Likita zai faɗi magana mai nauyi, ni kuwa in isar da ita ko gira ba ta motsa ba. Da ciwo ya kama Safiya, irin ciwon da na sha fassara wa wasu, wannan fuskar na ɗaura. Da ita na yi jinya, da ita na tsaya aka yi mata salla, da ita na karɓi gaisuwa. Jama'a suka yi ta yabona, wai Malam ya san tawakkali. (Sai da suka faɗa har ni ma na fara yarda.)

Rukayya lokacin ta fara jami'a. Ta yi kukanta a kwanakin farko, daga nan ta yi shiru, irin shirun da ke cika gida har ka rasa inda za ka zauna. Mu ci abinci a faranti ɗaya, ba abin da ke tashi sai ƙarar cokali. In na tambaye ta karatu, ta ce, "Tamam, lafiya lau, Abba." In na tambaye ta jiki, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni da nake cin abinci da bakina, na rasa kalmar da zan buɗe 'yata da ita.

Wata rana bayan la'asar ta zo ta ajiye wayarta a gabana. Hoton wani wuri ne a unguwar Ma'adi inda ake koyar da nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a sauka ƙasan teku. Nan take na gane. Shekarun baya mun taɓa zuwa Bahar Maliya mu uku, muka shiga wani jirgin ruwa mai gindin gilashi. Safiya, 'yar Katsina da ba ta san ruwan da ya wuce kududdufi ba, ta durƙusa tana kallon kifaye har gwiwoyinta suka yi tsami, ta ce wa Rukayya wata rana sai sun sauka can ƙasa su biyu.

"Umma ta ce za mu je," in ji Rukayya, idonta na kan wayar. "Ita ba ta samu ba. Ni ina so in je."

Rabon da in ji doguwar magana haka daga bakinta tun kafin rasuwar. Ban yi shawara da kowa ba, har da hankalina, na ce, "Tare za mu je, Mamana." (Ni da ko rafin garinmu ban taɓa shiga ya wuce idon sawu ba.)

Mai koyarwar sunansa Usman, Bahaushen Sudan ne da ke zaune a Hadayek el-Ma'adi, kakanninsa 'yan Sakkwato ne da suka tsaya a hanyar hajji. Kyaftin ake kiransa, don a Masar duk mai koyar da motsa jiki kyaftin ne. Ba a teku ake farawa ba, a kwamin iyo ake fara koyo, sai ka iya sannan a ɗauke ka zuwa teku. Mu huɗu ne a ajin: ni, Rukayya, da wani Bamisire da matarsa.

Ranar farko ya ɗaga gilashin nutso, wato wannan tabarau mai bakin roba da ke rufe ido da hanci, ya yi mana bayani. Ya ce fuskar mutum da ɗumi, ruwa kuma da sanyi, saboda haka da ka nutse sai raɓa ta kwanta a cikin gilashin, ka daina ganin komai. Maganinta shi ne a shafa wa cikinsa wani abu mai santsi kafin a shiga ruwa. Akwai ɗan maganin kanti da ake ɗigawa, akwai sabulun wankin kan jarirai da ake sirkawa da ruwa.

"Amma wanda ya fi sauƙi, ya Haj, yana bakinka," in ji shi. Sai ya tofa miyau a gilashinsa, ya murza da yatsa, ya tsoma a ruwa sau ɗaya, ya sa a fuska. "Khalas, shi ke nan."

Na kalli Rukayya. Yarinyar da na raina da hana ta tofar da miyau ko a titi, ta tofa abinta cikin natsuwa ta murza. Ni kam na ce a raina, ba da ni ba. Dattijo da furfura, wanda wani lokaci har limanci ake tura shi, ya tsaya yana tofa wa abin da zai manna a fuskarsa miyau a gaban matar mutane? Na karɓi kwalbar sabulun jarirai na ɗiga.

Bai hana komai ba. Muna durƙusawa a ƙasan ruwa gilashina ya yi fari fat, kamar murfin tukunyar da ke tafasa. Ina jin ƙarar numfashina, ina ganin inuwoyi suna motsi, iyakarta ke nan. Da muka fito Rukayya ta ce mini a hankali, "Abba, na yi ta yi maka alama da hannu ko kana lafiya, ba ka amsa ba." Ta faɗe shi ba tare da fushi ba, kamar wadda ta saba. Wannan ya sosa mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. A gida ba na amsa ta, a ƙasan ruwa ma ba na amsa ta.

Kyaftin Usman ya duba gilashin ya ce laifin sabunta ne. Sabon gilashi yana zuwa da wani maiƙo na masana'anta a jikinsa, kuma muddin yana nan ba abin da zai hana raɓa. Ya ce in je gida in goge cikinsa da makilin. Ya ci gaba da bayani, amma daidai nan wayata ta yi ƙara, wani majinyaci ne daga asibiti, sai na ɗaga masa hannu alamar na gane na yi gefe. (Daga baya na ji sauran maganar: farin makilin marar yaji, a goge, a wanke shi tas har sai ba ko ƙanshinsa. Tafinta guda, sana'ata saurare, na tafi da rabin zance.)

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce ta gwaji. Za a sa kowa ya bar ruwa ya shiga gilashinsa da gangan, sannan ya fitar da shi da iskar hanci. Wanda ya kasa ba zai bi tafiyar teku ba. Na ƙudurta a raina ba zan bar Rukayya ta tafi ita kaɗai ba, kuma ba zan sake kasa ganin hannunta ba. Sai na yi wani lissafi irin na masu wayon tsiya: in wanke gilashi da makilin yana maganin raɓa, ai barin makilin ɗin a ciki ya fi magani. Na ɗauko wanda muke amfani da shi a gida, mai na'a-na'a, irin mai sa baki ya yi sanyi har kunne. A ɗakin canza kaya na matsa shi a wadace, na shafe gilashin, na share tsakiyar da yatsa yadda zan iya gani, na bar sauran ya taru a lungunan robar. Na fito ina taƙama kamar wanda ya gano abin da ya gagari masana.

Da farko abin ya yi kyau. Muka durƙusa a ƙasan ruwa, ga Rukayya ina ganinta sarai cikin doguwar rigar iyonta, ta haɗa yatsu ta yi mini alama, na mayar mata. Na ga idonta ya ɗan yi haske. Sai kyaftin ya matso gabana ya nuna mini lokacina ya yi. Na ɗaga bakin robar kaɗan, ruwa ya shigo.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar an daka barkono da ƙanƙara an ɗura mini a ido. Na hura iska ta hanci kamar yadda aka koya mana, ashe kaɗa shi nake yi, abin ya tashi ya zama kumfa, ya shiga hancin, ya gangaro maƙogwaro. Duk abin da aka koya mini ya gudu. Na miƙe zumbur, na tofar da abin shaƙar iska, na fizge gilashin na yar. Ga ni tsaye, ruwa iya ƙirji, ido a rufe, hawaye na zuba kamar an buɗe famfo, kafaɗuna na rawa, na kasa cewa uffan sai shessheƙa.

Kowa ya taso. Ashe Rukayya ta gaya wa kyaftin dalilin zuwanmu tun ranar farko, shi kuma ya gaya wa sauran. Na ji hannunsa a kafaɗata.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Haj. Bar shi ya fito. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Bamisiren nan ma ya matso yana yi mini ta'aziyya da Larabci, matarsa har ta fara share ido. Ina so in ce musu ba haka ba ne, bakina ya ƙi. Sai na ji an riƙe mini hannu da hannu biyu. Rukayya ce.

"Abba," ta ce, "ashe kana jin zafin? Wallahi na ɗauka ni kaɗai na rasa ta. Ko sau ɗaya ban ga ka yi kuka ba. Na ɗauka ka manta da ita."

Maganar makilin tana kan harshena, amma wannan ta riga ta shiga. Wata da watanni yarinyar nan tana zaune da ni a gida ɗaya, tana ɗauka uwarta ta tafi ba ta bar ko gurbi a zuciyata ba, ni kuwa ina can ina karɓar yabon tawakkali. Kukan da na hana kaina a asibiti, na hana kaina a maƙabarta, shi ya taso gaba ɗaya. Na kira sunan Safiya da ƙarfi a wurin iyon mutane. Rukayya ta kifa kanta a kafaɗata, muka yi ta yi, ba wanda ya ce mana ku bari.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da mutuncina. Sai dai muna cikin haka na ji ta ɗago kai tana shinshina.

"Abba, me ke ƙanshin na'a-na'a?"

Na buɗe ido da ƙyar. Kyaftin Usman ya tsamo gilashina daga ruwa, yana juya shi, farin kumfa na ɗiga daga ciki. Ya kai hanci, ya kalle ni, ya kalli gemuna. Bamisiren da ya gama yi mini addu'a ya tsaya da hannu a sama. Na so ƙasa ta tsage, amma a ruwa nake, ko wannan gatan ban samu ba.

Fuskar Rukayya ta fara canzawa, na ga tana shirin janye hannunta, na san abin da take tunani. Na riƙe ta da sauri.

"Mamana, tsaya ki ji. Kukan farkon na makilin ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na biyun nawa ne. Wallahi nawa ne."

Ta kalli idanuna, jawur kamar gauta. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba tana dariya, har sai da ta riƙe bakin kwamin. Kyaftin ya juya baya, kafaɗunsa na motsi, yana ta "astagfirullah". Shi ya kai ni famfo na yi ta wanke ido, ya ce in dawo mako mai zuwa a sake gwajin.

A jirgin ƙasa, hanyarmu ta komawa Ainu Shams, Rukayya ta tambaye ni yadda na fara ganin mahaifiyarta. Na ba ta labari, ta sake tambaya, na sake ba ta. Har muka wuce tasharmu ba mu sani ba, sai da muka sauka muka dawo baya. Fasinjoji suna ta satar kallon idanuna, wata tsohuwa ma ta ba ni shawarar in je a duba ni.

Gwajin na ci shi a karo na biyu. Kafin in shiga ruwa na juya wa matar Bamisiren baya, na yi bisimilla, na tofa miyau a gilashina kamar kowa, kuma tangaran na gani. Darasi biyu na kwasa, na ba ku kyauta. In mai sana'a yana magana, ka bari ya kai aya kafin ka ce ka gane. Sannan in kana da kukan da ya kamata iyalinka su gani, ka yi shi a gida da girmanka, tun kafin makilin ya yi maka shi a bainar jama'a.