Yadda Za Ka Dumama Ƙasa Ka Bar Surukinka da Ruwan Sanyi

Ɗan'uwa, in kana so a riƙa ambatonka kowace safiya a gidan surukai, bi matakan nan. Ni na gwada, ko ɗaya bai ba ni kunya ba.

1. Ka ce ka iya

Surukinka mai ciwon gwiwa ya kafa tukunyar dumama ruwa a ƙarshen tsakar gida, banɗakinsa na ɗaya ƙarshen. Zai kira mai aikin famfo ya ja masa bututun ruwan zafi ta ƙarƙashin ƙasa. Yi maza ka tare: "Baba, ina raye a kira bare?" Ai ka taɓa canja kan famfo sau ɗaya.

2. Nemi ƙasa mai laima

Busasshen yashi ba ya jan zafi sosai. Jiƙaƙƙiyar laka kuwa zuƙe zafin bututu take kamar ta shekara ba ta ci ba. Saboda haka haƙa raminka gefen magudanar wanki. Nan diga ta fi shiga, kuma mai hankali bayansa yake fara tausaya wa.

3. Kada ka naɗe bututun

Mai shago zai miƙo maka soson da ake naɗewa don riƙe zafi. Ce masa, "Ƙasa ai bargo ce." Zai dube ka sama da ƙasa. Girmamawa ce.

4. Ƙara tsawo

Kewaye bishiya, kewaye ɗakin ajiya. Kowane taku ƙasa na karɓar rabonta.

5. Dake

Da safe Baba zai fito da tawul a wuya, haƙora na kaɗawa: "Ruwan nan daga tukunya yake ko daga randa?" Ka ce, "A bar shi ya zuba tukuna, Baba." A bokiti na shida zai yi ɗumi. Surukarka za ta nuna maka kyanwoyin unguwa kwance a jere bisa layin bututun: "Ga waɗanda ka yi wa aikin."

6. Riƙe wa gwani shebur

Mai aikin famfo zai tone, ya damƙo laka tana ɗiga. "Wa ya binne wannan tsirara?" Baba zai ce, "Wani bawan Allah ne." Kai ma girgiza kai.

Hattara: ba ruwana da mura, ko gwiwar tsoho, ko matarka ta ce za ta zauna ta kula da Baba har a gama gyara. Tawa ma tana can. An gama gyaran tun watan jiya.