Rami na Goma Sha Huɗu

"Lafiya lau, 'yar leƙen asiri. Uwarki ce ta turo ki ki ƙirga numfashina?"

Haka Tata Cirilo, kakana na wajen uwa, ya amsa gaisuwata, ban ma gama sauke ragar waya daga mota ba. Yana da hujja. Watan jiya aka tsinci maciji mai kacau-kacau a jela kwance ƙarƙashin kujerarsa, Mama kuwa ta rantse in aka sake ganin wani, za ta kwashe tsohon daga gonarsa ta bakin Kogin Sonora ta kai shi wurinta a birnin Hermosillo, bene hawa na uku. Ni na roƙi kwana biyu in toshe gidan.

"Numfashinka bai kai a ƙirga ba, Tata, ai saura kaɗan. Ramuka na zo nema."

"Fara da na kunnenki, inda magana ke shiga ta fice."

Na zagaya gida: taku tamanin da biyu, ramuka goma sha huɗu, tulin itace uku jingine da bango, duk ɓeraye sun yi gari a ciki. Yana biye da ni da kofin gahawa, yana nuna mini igiyar izgar doki da ya shimfiɗa ta kewaye gidan. Wai maciji ba ya tsallake ta don tana sukar cikinsa, wai ubansa shekara arba'in yana kwana a daji cikin da'irarta.

"To na ƙarƙashin kujera fa? A jirgin sama ya sauka?"

"Ta ƙofa ya shigo, kamar kowane baƙo mara kunya. Ke ta ina kika shigo?"

Washegari kafin rana ta take na janye itacen taku talatin daga bango, na rufe ramuka goma sha uku da raga da siminti. Saura na gindin rumbun masara. Nan na tarar da shi ya kafa kujera daidai bakin ramin. Sau uku ina zuwa, sau uku yana sake dalili: gwiwa ta riƙe, inuwar nan ta fi daɗi, yana jiran wani tunani. Mutumin da shekara da shekaru ba ya zama sai a baranda. Na leƙa bayan rumbun, sai ga saɓar maciji, tsawon tafin hannuna bakwai, ga kuma sawun jan ciki ya haye igiyar izga ya wuce abinsa.

"Tashi, tsoho."

"Zinariya na binne a nan. Gadonki ne, in kika taɓa na ba wa jaki."

"Zinariyar taka saɓa take yi?" Na ɗaga masa fatar.

Ya jima yana juya kofi, sannan ya tambaya ko duk abin da na gani sai ya isa Hermosillo. Na ce ya danganta da abin da ke jelarsa. Ya ja kujera gefe, ya ce in rufe baki in zan iya.

Minti goma sha tara muka jira. Sai ga wani baƙin maciji ya sulalo, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, jelarsa siririya, babu kacau-kacau. Sajan Tata yake kiransa. Shekara shida yana wannan rami, ba shi da dafi, masu kacau-kacau yake haɗiyewa. Tata ya gani da idonsa sau huɗu. Wancan na kujera ma, a makon da Kawu Fidencio ya cusa dutse a ramin ya shigo. Tata ya ɓoye zancen Sajan ne don a wurin Mama maciji maciji ne, shebur kawai take sani.

"Igiyar fa?"

"Don uwarki ta samu abin kallo. Sajan ma sau biyu yake tsallake ta kullum."

Na hau tudun da waya ke kamawa, Tata na haki a bayana yana cewa daman ya san 'yar rahoto ce. Na tura wa Mama hotuna, na gaya mata gaskiya: goma sha uku a rufe, ɗaya a buɗe, ga dalili. Ta ce tsoho ya zauna, amma ran da baƙin macijin ya shiga ɗaki, mu uku za ta kwashe: ni, Tata da Sajan.

Tata ya yi dariya har gahawa ta zube masa a riga. Da muka sauko ya naɗe igiyar tas, ya rataya mini a wuya.

"Tafi da ita ki kewaye saurayin nan naki. Shi dai na ga bai da wayon maciji, ba zai tsallake ba."