Ma'anoni Huɗu na Malam Tushe

Allah ya yi wa garin Damri baiwa da Malam Mamuda, wanda ake kira Malam Tushe. Wasu malamai kalma suka sani, shi kuwa har kakanninta ya sani. Ko sannu ka ce masa, sai ka ji inda ta samo asali kafin ya amsa.

Shekarar da ake haƙa magudanan ruwan Bakolori, aka kafa turaku a tsakiyar gonar Labbo da ta maƙwabtansa. Katafila za ta shigo ran Asabar, dawa kuwa saura mako biyu ta nuna. Labbo na da baki tara a gida, rumbunsa kuma ya daɗe da komawa ɗakin kaji. Roƙonsu ɗaya ne: a jira su yi girbi.

Da aka ce injiniya zai tsaya ya ji koke, wa za a tura in ba Malam ba? Labbo da kansa ya riƙe masa lema.

Injiniya ya ce minti goma gare shi, kuma mene ne kukansu game da dam.

Malam ya ɗaga yatsa. "Dam? Subhanallahi! Yaro, wagga aba sunanta arim da Larabci. Ainun, ra'un, mimun. Malamman lugga sun kasu huɗu a kanta."

Ya faɗi ma'ana ta farko, madatsar ruwa. Ya faɗi ta biyu, ruwan sama mai ƙarfi. Labbo ya ja masa hannun riga, ya raɗa masa, "Malam, dawa." Malam ya kaɗe hannun kamar ƙuda. Ta uku sunan wani kwari ne a ƙasar Yaman. Ana cikin ta huɗu, wato gafiyar da ke haƙe gindin madatsa, injiniya ya duba agogo, ya yi godiya, ya shiga mota.

Ran Asabar Labbo yana tsintar zangarniya ɗanya a bayan katafila, hawaye na zuba, sai ga Malam a kan jaki.

"Labbo, ka ga yadda nay yi mai? Ko uffan bai ce ba! Da ya tsaya, da ya ji ta biyar."

Jakin dai ya samu ɗanyen kara, ya ci ya ƙoshi.

A shekarar nan babu gidan da bai haddace ma'anonin arim ba a Damri. Dawar tuwo ce kawai sai da aka sayo daga Mafara.