Yadda Za Ka Haɗa Keken Gayu Marar Birki Ka Je Gaida Mahaifin Budurwa

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawarin duk layin da ka ratsa sai an waiwayo an dube ka. Ba cika baki nake ba, na gwada a kan ƙanena Dogo, kuma har yau ana labarinsa a unguwar su yarinyar.

Dogo ma'aikacin shagon ɗab'i ne, ga kunya kamar me. Ya daɗe yana son wata yarinya da ke aiki a kemis, har ya kusa ƙarar musu da maganin ciwon kai don kawai ya gan ta. Ranar da ta ce ya zo Asabar da yamma ya gaida mahaifinta, ba ta ɓoye masa ba cewa akwai wani mai farar mota da shi ma yake zarya. Dogo ya garzayo wurina neman shawara. Na ce kwantar da hankalinka, mota kowa ya gaji da gani. Keke za mu haɗa maka irin na 'yan gayu, wanda tayar bayansa take haɗe da feda kai tsaye: muddin taya na juyawa, ƙafarka ma dole ta juya, babu hutu ko a gangara.

Mataki na 1: Cire duk abin da ke da amfani

Samo tsohon keke ka kai wa mai gyara, ka ce ya tuɓe shi. Madigadi, kariya, fitila, ƙararrawa, duk su sauka. Gayu ba ya son kaya.

"Malam, har birkin?" in ji mai gyaran.

Dogo ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ce, "Har shi. Da ƙafa ake tsayar da irin wannan, sai ka danne feda ta baya."

Mai gyaran bai yi musu ba. Da murna ma ya kwance birkin, don nasa keken dama yana buƙata.

Mataki na 2: Launi kafin lafiya

Kada ka ɓata lokaci kana tambayar ƙarkon taya. Tambayi launinta. Dogo ya zaɓi firam baƙi wuluk, tayoyi kore shar, sarƙa kuwa ruwan ɗorawa, ya yini a kasuwa yana neman safar da za ta dace da ita. Da ya shigo da keken tsakar gida, Inna ta ajiye wankin da take yi ta zagaya shi.

"Dogo, wannan na hawa ne ko na rataye wa a bango?"

Idan mahaifiyarka ta yi maka irin wannan tambayar, to ka san kana kan hanya.

Mataki na 3: Zaɓi haƙora da ido, ba da cinya ba

Nan ilimin yake, sai ka buɗe kunne. Akwai farantin gaba da feda ke juyawa, akwai ɗan ƙaraminsa a tayar baya, kowanne da haƙoran da sarƙa ke hawa. Idan na gaba ya yi girma, na baya ya yi ƙanƙanta, keke sai ya yi nauyin tashi, in kuma ya tashi ya ƙi jin lallashi. Masu hankali suna zaɓar daidai ƙarfin ƙafarsu. Kai kuwa ba hankali ya kawo ka ba.

Dogo ya nuna wani faranti da ya kusa kai tiren shayi, ya ce shi yake so, don shi ne za a hango daga nesa. Na ji alfahari ya kama ni. Tashin farko sai da jijiyar wuyansa ta fito, kamar mai tura kabad shi kaɗai.

Mataki na 4: Rage ƙaho, ɗaga sirdi

Sa a yanke ƙahon keken har ya zama da ƙyar hannu biyu ke samun wurin zama. Sirdi kuma nemi siriri mai tauri, ka ɗaga shi sama yadda ƙafarka za ta manta da ƙasa. Za ka ji zafi, amma zafin a ɓoye yake, kyan kuwa a fili.

Mataki na 5: Ɗaure ƙafa a feda

Tunda da ƙafa za ka tsaya, sai an ɗaure ta da madaurin fata. Za a ce maka ka bar shi sako-sako ka yi ta gwajin zare ƙafa. Ƙyale su, madauri mai lilo ba ya kyau a ido.

Ranar Asabar Dogo ya sa sabon takalmi mai faɗin baki, ya hau ya dafa ƙofar gida. Ni da kaina na ja masa madaurin iya ƙarfina, na cusa bakinsa a ƙarƙashi don kada ya yi reto. Ya ce, "Yaya, kamar ya matse." Na ce haka ake so, na tura shi.

Mataki na 6: Yi gaisuwa a kan tafiya

Na bi shi a baya a kan babur don in ga aikina. Wallahi ya yi kyau. Masu shaguna suna leƙowa, wani mai aski har ya fito da reza a hannu. Dogo ya ji zuciyarsa fes, ya tabbata yau ranarsa ce.

Da ya shiga layin ya hango su. Baba, mahaifin yarinyar, na zaune a kujerar roba a ƙofar gida, mai farar mota na gefensa a kan benci ya harɗe ƙafa, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa. Dogo ya danne feda, keke ya rage gudu. Ya ja ƙafar dama don ya sauke, ta ƙi fita. Ya ja ta hagu, ita ma ta ce tana nan. Nan ya gane in ya tsaya, kifewa zai yi a gaban kowa.

Saboda haka bai tsaya ba. Ya wuce su yana cewa, "Baba ina wuni," ya je ƙarshen layi ya yi kwana ya dawo.

"Lafiya lau," in ji Baba, yana bin sa da kallo. "Kai ne Dogon?"

"Ni ne, Baba," ya amsa daga can gaba.

A dawowa ta gaba Baba ya tambayi aikinsa, a ta bayanta ya tambayi mutanen gida. Dogo na amsawa guntu-guntu, gumi ya jiƙa masa riga, cinyoyinsa na ci da wuta saboda farantin nan. Mai farar mota ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Bismillah mana, sauko ka zauna," Baba ya ce.

"Yanzu, Baba."

Ya sake wucewa. Fuskar Baba ta fara canzawa, ya kama hannun kujera zai tashi. Dogo ya san in tsohon nan ya shige gida, magana ta ƙare.

Mataki na 7: Faɗi

Ita ce ta fara lura da ƙafafun. Ta sauko bakin titi, da ya zo daidai ita ta ce a hankali, "Ba za su fita ba ko?"

"Sun ƙi."

"To ka faɗi mana. Ina nan."

Dogo ya dubi sabon fenti, ya dubi mai farar mota da ya ɗaga waya yana ɗauka, ya dube ta. Sai ya daina taka feda gaba, ya danne ta har keke ya tsaya cak, ya karkata a hankali ya zube rigijib a gaban kujerar Baba, keken na manne da shi. Daga kwancen ya ce, "Baba, na zo gaishe ka ne."

Baba ya yi dariya har hawaye, ya ce a kawo wa yaron nan ruwa. Ita kuwa ta tsuguna tana kwance madaurin, tana masa faɗa ƙasa-ƙasa, irin faɗan da ba a yi wa baƙo. Mai farar mota ya ga yadda take riƙe da idon sawun Dogo, dariyarsa ta ɗauke, ya mayar da wayar aljihu.

Sanarwa: mai wannan bayani ba shi da hannu a gurjewar gwiwa, yagewar wando ko karyewar ƙaho. Wanda ya bi matakan nan ya faɗi a gaban gidan da babu mai tsugunawa ta kwance shi, kada ya neme ni. Ni keke na koya masa haɗawa, yarinyar kuwa, Dogo ne ya samo ta da kansa.