Bututun da Baba Labaran ke jira

Jama'a, yau wuni na yi ban sa komai a baki ba sai ƙosai biyu, kuma cikin Baba Labaran ne ya ja mini. Maƙwabcina ne a Badafi, manomi, shekara talatin muna gaisawa ta kan danga. Bara ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, cikinsa ya shiga tara ruwa har taguwa ta daina shigarsa. Duk sati biyu sai an kai shi birni an zuƙe ruwan da allura, yau kuma ni ne ɗan rakiya. Sau biyu motarmu ta mutu a hanya. A na biyun muka fito turi, direba ya ce Baba ya yi zamansa, ko da yake rabin lodin shi ne. Baba ya yi dariya har numfashi ya nemi gagararsa. Ni dai ban dara ba.

A asibitin, wanda ba zan kama sunansa ba, muka samu Likita Bahijja, mace mai haƙuri. Tana zuƙar ruwan Baba ya ce, "Likita, wannan rijiyar tawa ba ta ƙafewa ne? Famfon da aka yi wa unguwarmu alkawari shekara shida ko ɗigo bai yi ba, ni kuwa ko rani ban sani ba."

Ta ce, "Baba, hantarka ce ta taurare, jini ba ya samun hanyar wucewa, shi ya sa ruwa ke tsatsowa cikin ciki. Akwai aikin da ake yi. Ta jijiyar wuya ake bi, a kafa ɗan siririn bututu a cikin hantar, jini ya samu hanya, ruwan ya rage taruwa. Ba kowa yake yi wa daɗi ba, wani yakan jawo masa ruɗewa. Amma gwajinka ya nuna za a iya yi maka."

Na gyara zama na ce, "To a yi mana, ranki ya daɗe."

Maimakon amsa, sai ta ce in biyo ta. Ta kai ni wata ƙofa mai sabon fenti, da allon dutse a gefe ɗauke da sunayen manya goma sha ɗaya. Na leƙa ta taga. Ga na'urar ɗaukar hoton da ake aikin da ita, lulluɓe da leda, tana zaune lafiya lau.

Ashe shekara biyu ke nan da Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo da jiniya ya yanke ƙyalle. An ci shinkafa, an ɗauki hoto. Bayan an watse aka lura ba a ja wa ɗakin wuta ba. Likitan da aka tura waje ya koyo aikin kuwa ya iya shi sosai, har mutanen can suka riƙe shi. Mabuɗi yana aljihun Shugaban Kwamitin Duba Kwamitoci, shi kuma ya tafi taron bita a kan rage wa marasa lafiya jira.

Ni fa ban ga laifin manyanmu ba. Kayan gwamnati da aka taɓa, lalacewa suke yi. Wannan kuwa ko ƙura ba ta hau ba, jikokinmu za su same ta sabuwa fil. A ina ake samun tattali irin wannan?

Likita ta rubuta sunan Baba a jerin masu jira. Na ga an ja layi a kan sunaye da dama a sama, na tambaya ko waɗannan an yi musu ne. Ta rufe littafin a hankali, ta ce, "Malam Mu'azu, ka tabbata ya rage gishiri, ya riƙa shan maganinsa."

Muka dawo da la'asar, Baba ya sauke lita shida, yana takawa da kansa. Matarsa, Inna Kulu, ta tare mu a zaure ta ce, "Mu'azu, sun ce yaushe?" Na ce ana kan shiri. Sai ta ce, "Allah ya saka da rakiya," ta shige.

Ina zare takalmi sai ga Tasi'u mai gyaran babur da rediyonsa a kunne, ya ce albishirina, an amince a sayo na'ura ta biyu, wadda ta fi ta farko girma. Na ce madalla da wannan tausayi. Shekara biyu baiwar Allah tana zaune ita kaɗai a ɗaki, ai gara a samo mata abokiyar hira.